Kakakin siyasa da batun auren jinsi: tambayoyi daga Birnin Kebbi

Mene ne ainihin aikin mai yaɗa labaran ɗan siyasa?

Shi ne mai auna abin da za a faɗa, da lokacin faɗarsa, da bakin da zai fito. Yana rubuta jawabi, ya fitar da sanarwa, ya zauna da maigida kafin ya shiga rediyo, ya jefo masa tambayoyin da ba ya son ji. Ba ɗaya suke da sojan baka ba, wanda ake ba kuɗin kati ya je ya yi wa abokin hamayya wankin babban bargo, ko da yake a Kebbi wasu 'yan siyasar ba su damu da bambancin ba.

Me ya haɗa wannan sana'a da fafutukar haƙƙin masu neman jinsi ɗaya?

A Amurka hanya ce da aka saba bi. Chad Griffin ya fara ne a ofishin yaɗa labarai na fadar Shugaba Bill Clinton yana matashi. Da jihar Kalifoniya ta haramta auren jinsi a 2008, yana cikin waɗanda suka shirya ƙalubalantar dokar a kotu, daga baya ya shugabanci Human Rights Campaign, ƙungiyar kare haƙƙin masu neman jinsi ɗaya, daga 2012 zuwa 2019. Kayan aikinsa na kamfe ne: jin ra'ayin jama'a, tara kuɗi, zaɓen wanda zai tsaya gaban kyamara. A 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta halatta auren a duk jihohi.

A nan fa?

Doka ta rufe ƙofar. Wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga mai kafa ƙungiyarsu ko mara mata baya. Ga kuma shari'ar Musulunci da Kebbi ke bi. Sai dai babu dokar da ta ba kowa izinin ɗaukar hukunci a hannu, kuma kakakin da ya liƙa wa abokin hamayya wannan zargi don neman ƙuri'a, da ran mutum yake wasa.

To, ina ruwan kakaki a Kebbi da batun?

Ya tuna Yulin 2024. Wata jarida ta ruwaito cewa Yarjejeniyar Samoa, ta haɗin gwiwa tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karibiyan da Fasifik, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ta ƙunshi amincewa da auren jinsi. Kafin kiftawar ido maganar ta cika WhatsApp da mumbarin Juma'a, sunan da aka fi kira kuwa na ɗan gida ne, Atiku Bagudu, tsohon gwamnan Kebbi kuma ministan kasafin kuɗi a lokacin. Gwamnati ta musanta, amma ta makara: jama'a sun riga sun ji daga malamansu, kaɗan ne suka buɗe takardar. Sai bayan watanni hukumar sauraron ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta ba da haƙuri.