Facin da masu manhaja ba su sa wa hannu ba: tambayoyi da amsoshi

Wane irin faci ake nufi?

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda kowa ke da damar ganin yadda aka rubuta ta, har ya gyara. Makaho yakan buɗe irinta, sai manhajar da ke karanta masa allo, kamar NVDA ko Orca, ta iske maɓallin da ba a raɗa wa suna ba, ko wurin da ba a kai wa sai da linzamin kwamfuta. Ya kai kuka, shiru. Daga nan sai wani mai sani ya rubuta gyaran da kansa ya raba wa jama'a. Wannan gyaran shi ake kira faci.

Ya halatta?

Ƙwarai. Lasisin GPL, wanda buɗaɗɗun manhajoji da yawa ke ƙarƙashinsa, ya yarda, muddin wanda ya raba gyaran ya bayar da rubutunsa a ƙarƙashin lasisin nan.

To ina matsalar?

Faci ba ya tafiya tare da uwar manhaja. Da an sabunta ta, yana iya daina aiki. Lokacin da NVDA ta koma Python 3, wato sabon zubin harshen kwamfutar da aka rubuta ta da shi, a fitowar 2019.3, sai da aka sake gyara ƙananan manhajojin da mutane suka rubuta don ƙara mata aiki, waɗanda masu su suka watsar kuwa suka tsaya cak. Akwai kuma batun amana: abin da ke karanta maka allo yana sane da duk abin da kake bugawa.

Me ya kamata masu kula da manhaja su yi?

Kada su tsaya ga cewa "ba namu ba ne". A ganina, wanzuwar facin shaida ce cewa akwai mutanen da aka rufe wa ƙofa, har wani ya gaji da jira. Su nemi marubucinsa, su duba aikin, su faɗa masa a fili abin da ya hana a karɓa. In ya yi girma, a shigar da shi kaɗan-kaɗan. Kuma makafin da ke aiki da shi kullum su ne za su gwada, domin mai gani yakan ce komai lafiya alhali ba a jin komai. Makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina NVDA da aka fara a 2006, shi ya sa ta dace da masu amfani da ita.

In ba za a iya karɓa yanzu ba fa?

A ba shi sanannen mazauni, a rubuta fitowar da yake aiki da ita da sunan mai kula da shi. NVDA ta buɗe irin wannan rumbu na ƙananan manhajojin da ake ƙara mata a 2023.