Alhaji, ciwon sukari ba ya zama gida in ka yi tafiya

Na gaji da jin wannan magana: “Ai tafiya nake.” Kusan duk mai ciwon sukarin da aka kawo mana asibiti daga masauki, jiki ya saki, baki a bushe, yana ta neman ruwa, in na tambaye shi abin da ya faru, amsar ke nan. Ya taso daga Yamai ko Damagaram, ko ya ƙetaro da kaya ta Ɗan Isa, ya yada zango a Maradi kwana biyu ko uku. Kullum bayan la'asar abokan kasuwa su ɗauke shi zuwa ɗaya daga gidajen abincin nan masu lambu, a zauna a inuwar mangwaro da dogon yaro, a hura gawayi, a ɗora shayi.

Wallahi ba zaman nake ƙi ba. Wanda ya kwaso kilomita fiye da 600 daga Yamai, ya bi Doso, Dogondutsi da Birnin Ƙonni a zaune cikin mota, ya cancanci inuwa da iska da hira. Ku zauna, ku huta, ku sha shayinku. Da sukarin nake faɗa.

Don Allah ran da aka sake zama, ku sa ido a hannun mai dafawa. Da finjalin da za ku sha yake auna sukarin, ya juye a buta, ya yi ta ɗagawa yana saukewa har kumfa ta tashi. Na farko ɗacinsa ya ɓoye zaƙin. Na biyu a ƙara ruwa, a ƙara sukari. Na uku ganye ya mutu, sai ruwan sukari da na'ana'a. Da yake finjalin ƙarami ne, sai mutum ya ce “ɗan wannan?” Ɗan wannan sau uku, ga lemon kwalba mai sanyi a gefe, ga fanke ko biskit, wani har da madarar gwangwani mai zaƙi. Kafin a kira magariba an gama ɓarnar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa tun 2015 cewa babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 na sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha a yini, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a giram 25 ya fi. Wannan fa ga mai lafiya ne. Lemon kola na 33 cl shi kaɗai yana ɗauke da kusan giram 35. To kai da aka auna, aka gaya maka, aka ba ka magani, ka lissafa da kanka.

Wani dattijo da muka kwantar, na ce masa, “Baba Alhaji, me ya hana ka ce a zuba maka naka kafin a sa sukari?” Ya ce, “Haba ƴata, ina baƙon mutane? Sun karrama ni, sai in ce ba na so?” Har yanzu maganar nan tana ci min rai. Kunya ce ta kwantar da shi kwanaki, kayan da ya zo saya suna jibge a tasha, iyalinsa suna ta bugo waya cikin kuka. Mutanen da ya ji kunyarsu kuwa su ne suka yini a bakin ɗaki suna cewa da sun sani da ba su ba shi ba. Wace kunya ce wannan? Ka ce “ina da sukari”, kalma uku ce. Ba zagi ba ne, ba raini ba ne, babu mai masaukin kirki da zai ji haushi.

Ku ma masu masauki ina da magana da ku. In baƙo ya ce a'a, ku bar shi. Ku daina “ɗaya tak, ba ya komai”, ku daina “ai yau kaɗai ne”. Ba ku ne za ku tashi sau biyar cikin dare kuna fitsari ba.

Sai masu cewa ɗacin na farko yana kashe sukari. Ba ya kashewa. Sukarin da aka zuba yana nan, ko harshe ya ji shi ko bai ji ba. Masu musanya shi da zuma su ma su sani, zuma zaƙi ce, tana ɗaga sukarin jini. Hajiya, ke ma da ke nake, ke da ake kai wa naki cikin kofi babba da madara.

Ga abin yi, a gaggauce: a tsiyaya maka naka kafin a sa sukari. In ba zai yiwu ba, ka nemi ruwa ko shayi tsura da na'ana'a. Lemon kwalba ka bar shi. Maganinka ya kasance a aljihu, ba cikin jakar da aka ɗaure saman mota ba. Mai allurar insulin kada ya bar ta a rana ko cikin mota mai zafi. Kada ka sha magani ka yini ba ka ci abinci ba don sauri. Ka riƙe ƙwayar sukari uku ko huɗu a aljihu, amma sai in ka ji rawar jiki, gumi da jiri, alamar sukarin ya faɗi ke nan, a nan ne kawai yake da amfani gare ka. Da dare ka cire takalmi ka duba ƙafafunka, ko ɗan ƙaramin miki ka gani ka zo.

Kai kuma da ke cewa ba ka da ciwon sukari, yaushe aka auna ka? In kana yawan ƙishirwa da fitsari, kana ramewa ba dalili, ido na gani dishi-dishi, ka zo da safe ba ka ci komai ba. Ɗigon jini ɗaya ne a yatsa. In awo ya kai 1,26 g/l (giram 1,26 na sukari a litar jini) ko ya wuce, za a sake aunawa a tabbatar. Ka zo kafin ka hau motar komawa, kada ka ce sai ka isa gida.