Takardun Neman Aiki a Ƙasar Filifin

Takardun neman aiki a Filifin su ne shaidu da lambobin rajista da kamfani ko ma'aikatar gwamnati ke buƙata daga mutum kafin a ɗauke shi aiki. Kashi biyu ne. Akwai waɗanda ake miƙawa tun lokacin neman gurbi, wato takardar tarihin karatu da aiki, da wasiƙar neman aiki, da hotuna. Akwai kuma waɗanda ake tarawa bayan an yi wa mutum tayin aiki, kafin ya sa hannu a kwantiragi. Kashi na biyu shi ne mai cin lokaci da kuɗi, domin hukumomi dabam-dabam ne ke bayar da takardun, wata ba ta samuwa sai an nuna wata, wasu kuma wa'adinsu kan ƙare kafin a gama haɗa sauran.

Takardun farko

A ofisoshi da kamfanonin amsa waya, waɗanda ke ɗaukar matasa da yawa a Manila da Cebu, takardar tarihin karatu da aiki mai shafi ɗaya ko biyu ake nema. A kantuna, masana'antu da aikin gini kuwa, har yanzu ana karɓar fom ɗin da ake kira biodata, wanda ake saye a shagon littattafai a cike da biro, a manna masa hoto mai faɗin inci biyu da tsayin inci biyu. Tsohon fom ɗin yakan tambayi shekaru, tsayi, nauyi, addini da sunayen iyaye. Dokar ƙasa mai lamba 10911 ta shekarar 2016 ta hana mai ɗaukar aiki ya ƙayyade shekaru a tallar gurbi, ko ya tilasta wa mai nema ya faɗi ranar haihuwarsa yayin da ake tantancewa, sai dai in yanayin aikin ne ya wajabta hakan. Al'adar manna hoto da rubuta shekaru dai ba ta gushe ba.

Mai neman aikin gwamnati fom ɗinsa dabam ne. Hukumar kula da ma'aikatan gwamnati tana da fom mai lamba 212, wanda ake cikewa bisa rantsuwa, kuma yawancin guraben dindindin suna buƙatar shaidar cin jarrabawar hukumar, wadda makin tsallakewarta 80 ne cikin 100.

Takardar haihuwa da matsalar suna

Tushen komai shi ne takardar haihuwa da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, PSA, ke bugawa a kan takarda ta musamman mai alamun tsaro. An kafa PSA a 2013, ta gaji tsohuwar hukumar NSO, kuma shekaru da dama wasu ofisoshi sun riƙa ƙin karɓar tsofaffin kwafi suna cewa a kawo sabo. Doka mai lamba 11909 ta 2022 ta kashe wannan magana: takardar haihuwa, ta aure da ta mutuwa ba su da wa'adi, muddin rubutun yana karantuwa kuma alamun tsaron suna nan.

Abin da ke hana mutane barci a nan shi ne rubutun suna. Ɗan Filifin yana da sunan yanka, sannan sunan dangin mahaifiyarsa a tsakiya, sannan na dangin mahaifinsa a ƙarshe. Idan magatakarda ya canja harafi ɗaya ranar da aka yi rajistar haihuwa, makaranta kuma ta rubuta yadda iyali ke rubutawa, to shaidar digiri da takardar haihuwa sun saɓa, kuma saɓanin zai bi mutum zuwa asusun fansho da fasfo. Doka mai lamba 9048 ta 2001 ta ba ofishin rajista na gari damar gyara kuskuren rubutu ba sai an je kotu ba, ta 10172 ta 2012 kuma ta ƙara da gyaran rana da watan haihuwa. Gyaran kan ɗauki makonni ko watanni, alhali kamfani mako ɗaya ko biyu yakan bayar a kammala takardu. A yankunan karkara, musamman yankin Musulmi na Bangsamoro a kudancin ƙasar, akwai manya da ba a taɓa yi wa rajistar haihuwa ba, su kuma sai sun fara da rajistar makara kafin a yi maganar wata takarda.

Shaidun rashin laifi

Hawa uku ne. Na ƙasa shi ne na barangay, mafi ƙanƙantar matakin mulki a Filifin, kusan kamar a ce shaidar mai unguwa, sai dai shugaban barangay zaɓensa ake yi kuma yana da ofis da hatimi. Na tsakiya shi ne na 'yan sanda, mai wa'adin wata shida. Na sama, wanda kusan kowane kamfani ke nema, shi ne na hukumar bincike ta ƙasa, NBI, mai wa'adin shekara ɗaya. Ana cike fom ta intanet, a biya kuɗi, a zaɓi rana, sannan a je a ɗauki hoto da zanen yatsu.

Idan sunan mutum ya yi daidai da na wani mai shari'a a kundin hukumar, ba a ba shi takardar ran nan. Sai a ce ya dawo bayan kwanaki, wani lokaci ma a yi masa tambayoyi. Wannan yana yawan faruwa, kuma dalilinsa yana da tarihi. A 1849 gwamnan mulkin mallaka na Sifaniya, Narciso Clavería, ya ba da umarni a raba wa iyalai sunayen dangi daga wani kundi, ga kuma sunayen addini irin su dela Cruz, Santos da Reyes da mutane suka riga suka runguma. Sakamakon haka, mutane masu yawa da ba su haɗa jini ba suna amsa suna iri ɗaya. Mai irin wannan suna da ya san kansa yakan fara neman takardar NBI tun kafin a kira shi ganawa.

Ana kuma yawan tambayar sedula, rasidin harajin al'umma da ake biya kowace shekara a ofishin gari. Ita ma gadon mulkin Sifaniya ce, kuma ita ce takardar da jagoran 'yan gwagwarmaya Andrés Bonifacio da mabiyansa suka yayyaga a watan Agustan 1896 don shelanta tawaye.

Lambobi huɗu

Kamfani yakan nemi sabon ma'aikaci ya kawo lambar SSS, asusun fansho na ma'aikata masu zaman kansu da ya fara aiki a 1957; da lambar PhilHealth, inshorar lafiya ta 1995; da ta Pag-IBIG, asusun ajiya da rancen gida na 1978; da lambar haraji daga hukumar BIR. Kowace lamba sau ɗaya ake ba mutum a rayuwarsa. Kuskuren da sababbin ma'aikata ke yi shi ne neman sabuwar lambar haraji idan sun sauya wurin aiki, alhali mallakar biyu laifi ne mai tara. Wanda bai taɓa aiki ba yana cike fom mai lamba 1902 ta hannun kamfaninsa. Wanda ya baro wani wuri a cikin shekarar kuwa zai kawo fom mai lamba 2316, mai nuna harajin da aka riga aka cire masa, tare da takardar shaidar aiki. Ma'aikatar ƙwadago ta umarci kamfanoni a 2020 da su bayar da wannan shaida cikin kwana uku daga ranar da aka nema.

Karatu da lafiya

Ana neman shaidar kammala karatu da takardar makin jarrabawa daga makaranta. Nas, malamin makaranta, injiniya da akanta suna ƙarawa da lasisin hukumar kula da ƙwararru, PRC, masu sana'ar hannu irin su walda da girki kuma da shaidar ƙwarewa ta hukumar koyar da sana'o'i, TESDA, mai wa'adin shekara biyar. Kamfanoni kan tuntuɓi makaranta kai tsaye, domin titin Recto na Manila ya daɗe da yin suna wajen buga digirin jabu.

Gwajin lafiya yakan haɗa da hoton ƙirji saboda tarin fuka, gwajin jini, fitsari da bayan gida, da kuma gwajin shan ƙwaya.

Sauƙi ga mai neman aiki karo na farko

A watan Afrilun 2019 shugaba Rodrigo Duterte ya sa hannu a doka mai lamba 11261, wadda ta yafe wa mai neman aiki karo na farko kuɗin shaidar barangay, ta 'yan sanda, ta NBI, takardar haihuwa da ta aure, takardar lafiya daga asibitin gwamnati, da takardar maki daga jami'o'in gwamnati. Sharaɗin shi ne barangay ta shaida cewa ya zauna a cikinta aƙalla wata shida kuma bai taɓa aiki ba. Sau ɗaya tak ake cin moriyar, cikin shekara ɗaya daga ranar da barangay ta ba da shaidar. Kuɗin fasfo, lasisin tuƙi da jarrabawar ƙwararru ba sa ciki, haka ma kuɗin mota da yinin da ake kashewa a layi, waɗanda ga talaka sukan fi kuɗin takardar kanta. 'Yan aikin gida suna da tasu kariyar tun 2013, domin doka mai lamba 10361 ta ɗora kuɗin takardun a kan maigida ko kamfanin da ya samo su.

Masu fita waje

Wanda zai tafi Saudiyya, Hong Kong ko aikin jirgin ruwa yana da ƙarin hawa. Ma'aikatar kula da 'yan ci-rani, DMW, wadda dokar ƙarshen 2021 ta kafa ta kuma haɗiye tsohuwar hukumar kula da aikin ƙasashen waje, POEA, ita ke tantance kwantiragi da bayar da shaidar izinin fita aiki, mai wa'adin kwana 60, wadda jami'an shige da fice ke dubawa a filin jirgi. Kafin nan akwai taron wayar da kai na dole, da rajista da hukumar jin daɗin ma'aikata OWWA a kan dala 25 na shekara biyu, da gwajin lafiya a asibitin da ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha suka amince da shi in can za a je. Tun 14 ga Mayun 2019, hatimin tabbatar da sahihancin takardu da ake kira Apostille, na ma'aikatar harkokin waje, ya maye gurbin tsohon jan ƙyalle da ake ɗaura wa takardun karatu. Kamfanin samar da aiki mai lasisi bai da ikon karɓar fiye da albashin wata ɗaya a matsayin la'ada, daga 'yan aikin gida da ma'aikatan jirgin ruwa kuwa an hana shi karɓar la'ada kwata-kwata.