Mene ne ake nufi da "ƙasa mai cin haya"?

Idan ana maganar arzikin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, akwai sunan da masana tattalin arziki da na siyasa ke yawan ambata, wato ƙasa mai cin haya. Abin da suke nufi shi ne ƙasar da mafi yawan kuɗin gwamnatinta ke shigowa daga waje, ta hanyar sayar da wani arziki da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa kamar man fetur ko iskar gas, maimakon harajin da ake karɓa a hannun jama'a. Kuɗin ya fi kama da abin da mai gida ke karɓa a hannun 'yan haya, domin mallakar abin ce ke kawo shi. Fito da gangar ɗanyen mai a Saudiyya ba ya cin ko dala 10, amma a kasuwar duniya ana iya sayar da ita dala 70 ko 80. Wannan rata da ke tsakani ita ce hayar.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Iran, Hossein Mahdavy, shi ya fito da wannan tunani a 1970 lokacin da yake nazarin ƙasarsa a zamanin Shah, sarkin Iran na lokacin. A 1987 Hazem Beblawi, wanda daga baya ya zama firaministan Masar a 2013, shi da wani masani ɗan Italiya, Giacomo Luciani, suka faɗaɗa shi. A wajen Beblawi, ba kowace ƙasa mai mai ce ta cancanci sunan ba. Sai kuɗin ya zamana daga waje yake zuwa, kuma shi ya rinjayi sauran hanyoyin samu. Sai ya zamana 'yan ƙalilan ne ke aikin samar da shi, sauran jama'a suna wajen rabo da kashewa. Sannan, kuma nan ne gizo ke saƙa, sai kuɗin ya zamana cikin asusun gwamnati yake fara faɗawa.

Tarihin Kuwait ya fi kowane bayani nuna abin da wannan ke haifarwa. Kafin mai, garin yana rayuwa ne a kan fataucin jiragen ruwa da nitson lu'ulu'u, kuma sarki ba shi da wata madafa sai kuɗin fito da harajin da yake karɓa a hannun attajirai. A wajajen 1910 sarkin lokacin, Sheikh Mubarak Al-Sabah, ya matsa musu da haraji, sai manyan dillalan lu'ulu'u suka kwashe jiragensu da mutanensu suka bar garin, wasunsu suka koma Bahrain. Baitulmali ya fara bushewa. Dole sarki ya sassauta, ya bi su da lallashi har suka dawo. A 1938 ma attajiran sun kai ga kafa majalisa mai sa ido a kan kuɗin masarauta, ko da yake ba ta wuce 'yan watanni ba.

A wannan shekarar ta 1938 aka gano mai a filin Burgan, aka fara fitar da shi a 1946. Daga nan komai ya juya. Sarkin da a da ke jiran abin da attajirai za su ba shi, yanzu kamfanin mai na ƙetare ke zuba masa kuɗi kai tsaye. A shekarun 1950 gwamnati ta riƙa sayen filaye da gidajen tsohon gari a hannun masu su da farashin da ya zarce ƙimarsu nesa ba kusa ba, wata hanya ta raba kuɗin mai ba tare da an kira shi kyauta ba. Attajiran suka samu kwangila da wakilcin kamfanonin waje. Talaka ya samu makaranta da asibiti kyauta, da aikin gwamnati. Har yau mai ne ke kawo kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin Kuwait, kuma mafi yawan 'yan ƙasar da ke aiki, gwamnati suke yi wa.

Masana suna kiran wannan yarjejeniya, duk da cewa babu inda aka rubuta ta. Gwamnati ba ta taɓa albashinka, tana ba ka wuta da ruwa da fetur a farashin tallafi, wani lokaci har da fili da rancen aure. Kai kuma ka bar mata sha'anin mulki. In baki ya ci, ido kan ji kunya. An ga haka ƙarara a 2011, lokacin da zanga-zanga ta kifar da shugabannin Tunisiya da Masar. Cikin 'yan makonni Sarki Abdallah na Saudiyya ya sanar da shirin kashe kimanin dala biliyan 130: gidaje 500,000, albashin wata biyu kyauta ga ma'aikatan gwamnati, da alawus ga marasa aikin yi. A Brunei, wata ƙaramar masarauta mai gas a kudu maso gabashin Asiya, babu harajin albashi, kuma dokar ta-ɓacin da aka sa tun 1962 har yanzu ba a ɗage ta ba.

To wa ke yin aikin? Baƙi. A Kuwait kusan kashi 70 cikin ɗari na mazauna ƙasar ba 'yan ƙasa ba ne, a Katar kuwa 'yan ƙasa ba su fi ɗaya cikin 8 ba. Mutanen Indiya da Bangladesh da Nepal da Filifin da Masar su ne a wajen gini da kanti da aikatau, galibi a ƙarƙashin tsarin kafala mai ɗaure zaman ma'aikaci da uban gidansa. Wannan ma wani sashe ne na lissafin. Takardar zama ɗan ƙasa tana da wuyar samu ƙwarai, domin duk wanda aka ƙara, an ƙara baki ne a wajen rabo.

Ta fuskar tattalin arziki, irin wannan ƙasa na fama da abin da mujallar The Economist ta raɗa wa suna "cutar Holan" a 1977, saboda abin da ya samu ƙasar Holan bayan gas ɗin da aka gano a yankinta na Groningen a 1959. Kuɗin waje na kwararowa, darajar kuɗin gida da albashi su hau, kayan da masana'antun gida ke yi su yi tsada, shigo da kaya ya fi arha. A hankali sauran sana'o'i su tsuke.

Sai dai ni ban yarda da masu ɗaukar wannan tunani kamar doka ba, wai duk inda mai ya ɓulla mulkin kama-karya zai biyo baya. Norway ta gano mai a filin Ekofisk a 1969, lokacin da ta riga ta daɗe da majalisa mai ƙarfi da kotuna da hukumar haraji. Ta ci gaba da karɓar haraji mai nauyi a hannun jama'arta. Kuɗin man kuma ta kafa masa asusu a 1990, ana zuba jarinsa a ƙasashen waje kaɗai, kuma ƙa'idar da ake bi tun 2017 ita ce gwamnati ta ɗebi abin da bai wuce kimanin kashi 3 cikin ɗari na asusun ba a shekara. Kuwait ma ba ta shiga ma'aunin tsaf ba. Daga 1963 ta riƙa zaɓen majalisa, majalisar da ta sha titsiye ministoci har da 'yan gidan sarauta, kafin Sarki Mishal ya rushe ta a watan Mayun 2024. Abin lura shi ne, rigimar majalisar ta sha kasancewa a kan rabo: a yafe wa 'yan ƙasa bashin banki, a ƙara albashi, kada a taɓa tallafi.

Inda tsarin ke shan wuya shi ne lokacin da farashi ya faɗi. Gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta koma ƙasa da dala 30 a farkon 2016. A watan Satumban 2016 Saudiyya ta yanke alawus-alawus ɗin ma'aikatan gwamnati, amma kafin ƙarshen Afrilun 2017 Sarki Salman ya mayar musu da abinsu. A Janairun 2018 aka shigo da harajin VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayen kaya, na kashi 5 cikin ɗari, aka kuma ƙara kuɗin fetur da na wuta. Kafin ƙarin ya fara aiki, gwamnati ta buɗe wani shiri mai suna Asusun Ɗan Ƙasa, tana tura wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita kuɗi kowane wata don rage musu raɗaɗi. A Yulin 2020, da annobar korona ta sake karya farashin mai, aka ɗaga harajin zuwa kashi 15.