Logaridim ɗin Juzu'i

Logaridim amsa ce ga tambaya guda: sau nawa za a ninka wata lamba, wadda ake kira tushe, da kanta kafin a kai ga lambar da ake nema? Tunda 2 × 2 × 2 ya ba da 8, wato 2³ = 8, logaridim ɗin 8 a tushe 2 shi ne 3. John Napier, mutumin Sikotilan, ne ya fara wallafa wannan dabara a 1614, daga bisani Henry Briggs ya tsara ta a kan tushe 10.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne juzu'i, irin su rabi, rubu'i da sumuni. A ɗauki tiyar gero guda a kasuwar Sabon Gari ta Zariya. An raba ta biyu, rabi ke nan. An sake rabawa, rubu'i. A karo na uku sai sumuni, 1/8. Ninkawa hawa ce, rabawa kuwa sauka, shi ya sa ake rubuta 1/8 = 2⁻³, kuma log₂(1/8), wato logaridim ɗin 1/8 a tushe 2, shi ne −3. Alamar debewar tana nuna saukar da aka yi har sau uku. Muddin tushe ya haura 1, duk juzu'in da bai kai ɗaya ba logaridim ɗinsa yana ƙasa da sifili.

Wani lokaci amsar kanta juzu'i ce. A log₄(1/8) sai a mayar da lambobin biyu zuwa tushe 2: 4 = 2², 1/8 = 2⁻³. Idan aka kira amsar x, 4ˣ = 1/8 ya zama 2²ˣ = 2⁻³, ke nan 2x = −3, amsa −3/2.

Idan juzu'in bai dace da tushen ba, ƙa'idar rabawa ake bi: log(a/b) = log a − log b. A tushe 10, log(3/4) = 0.4771 − 0.6021, kusan −0.125. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a raba log 3 da log 4, alhali debewa ake yi.

'Yan sakandare masu shirin WAEC da NECO kan gamu da wata siga dabam a littafin teburin lissafi da ake kira fofiga: log 0.75 a rubuce 1̄.8751, da ɗan layi a saman 1. Ɗayan nan ne kaɗai ke ƙasa da sifili, ma'ana −1 + 0.8751, wanda ya ba da −0.1249. Kalkuleta ta rage amfani da teburin, amma har yanzu sigar tana cikin manhaja.