Ƙiyasin Kuɗin Ayyukan Tsaftace Ruwa a Amurka

Ƙiyasin kuɗin ayyukan tsaftace ruwa, wanda ma'aikatan fannin suka fi sani da CWNS a taƙaice, bincike ne da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, wato EPA, take gudanarwa tare da jihohin ƙasar. Manufarsa ita ce a san nawa za a kashe cikin shekara 20 masu zuwa wajen gina matatun ruwan ƙazanta da gyara su, da bututan da ke kai musu ruwan daga gidaje da masana'antu, da magudanan ruwan sama, da sauran ayyukan da ke hana dauɗa shiga koguna da tafkuna. Majalisar dokokin tarayya ake miƙa wa sakamakon. An yi na farko a 1973. Na 17, wanda ya ɗauki yadda abubuwa suke a ranar 1 ga Janairun 2022, ya fito a 2024 da jimillar dala biliyan 630.1. Adadin ba ya nufin duk abin da ƙasar ke buƙata: abin da aka iya kafa wa hujja a takarda ne kawai.

Asali

Tun 1948 Amurka take da dokar tarayya kan gurɓata ruwa, amma ba ta da wani ƙarfi. A 1956 aka yi mata gyara, gwamnatin tarayya ta fara ba garuruwa tallafin gina matatu, ana raba kuɗin bisa yawan jama'ar kowace jiha da ƙarfin samunsu. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, birane da dama suka ci gaba da tuttular da ruwan masai da na masana'antu cikin kogi, wasu bayan ɗan tacewa, wasu ɗanye. A watan Yunin 1969 kogin Cuyahoga da ya ratsa birnin Cleveland na jihar Ohayo ya kama da wuta saboda mai da tarkacen da ke yawo a samansa. Ba wannan ne karo na farko da kogin ya ci wuta ba, ba shi ne ma mafi muni ba, amma ya faɗo daidai lokacin da jama'a suka fara kosawa, sai ya zama abin misali. An kafa EPA a watan Disamban 1970.

Dokar da yanzu ake kira Dokar Ruwa Mai Tsafta ta zo a 1972, Sanata Edmund Muskie na jihar Maine ne ya ja gabanta a majalisar dattawa. Shugaba Richard Nixon ya hau kujerar na-ƙi, yana kukan tsadarta, amma majalisun biyu suka tsallake shi da gagarumin rinjaye, ta zama doka ranar 18 ga Oktoba. Burinta ya yi tsayi: kafin 1983 a ce ana iya iyo da kamun kifi a ruwayen ƙasar, kafin 1985 kuma a daina zuba gurɓataccen abu cikinsu kwata-kwata. Ta wajabta wa kowace matatar gwamnati ta kai mataki na biyu na tacewa kafin Yulin 1977, wato matakin da ake amfani da ƙwayoyin halitta su cinye dauɗar da ta narke a ruwa, har a cire kusan kashi 85 cikin 100 nata. Daga baya an ɗage wa'adin zuwa 1988, don garuruwa da yawa ba su ko kama hanya ba.

Wanda ya ɗora wa mutum kaya dole ya taya shi ɗauka. Dokar ta amince da dala biliyan 18 na tallafi cikin shekara uku, gwamnatin tarayya za ta biya kashi 75 cikin 100 na kuɗin gini. Muhimmin canjin da aka yi shi ne a daina rabo bisa yawan jama'a, a koma bisa buƙata. To, wa zai faɗi buƙatar? Daga nan ƙiyasin ya samo asali: sashe na 516 na dokar ya umarci EPA ta riƙa lissafa kuɗin da ake buƙata jiha-jiha, sashe na 205 kuma ya rataya rabon tallafi a kan irin wannan lissafi.

Shekarun tallafi

Nixon bai haƙura ba. Ya umarci EPA ta riƙe rabin dala biliyan 18 ɗin, kada a raba wa jihohi. Birnin Niyok da wasu garuruwa suka garzaya kotu, a watan Fabrairun 1975 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ba ta ba shugaban ƙasa ikon riƙe kuɗin ba. Shari'ar tana ɗauke da sunan Russell Train, shugaban EPA na lokacin.

Ƙiyasin farko na 1973 ya ba da kimanin dala biliyan 60. Shekara guda bayan haka aka sake, sai adadin ya yi tsalle zuwa sama da biliyan 340, akasarinsa na magudanan ruwan sama ne, rukunin da aka shigar a karon farko ba tare da wani tsayayyen ma'auni ba. Ba a sha wahalar gano dalili ba. Idan girman kason jiha ya dogara ne da girman kukanta, kowace jiha za ta ɗaga murya, kuma babu kwamishinan da zai so a ce ya rage wa jiharsa rabo saboda tsantseni. Daga nan EPA ta fara matsa hannu: ta samar da ma'auni iri ɗaya na lissafin kuɗi, ta riƙa tantance abin da jihohi suka kawo, adadin ya sauko sosai a zagayen da suka biyo baya. Wajen tsakiyar shekarun 1980 aka kafa ƙa'idar da ake bi har yau, cewa duk buƙatar da ba ta da takardar shaida ba za ta shiga jimilla ba.

A 1981 majalisa ta rage kason tarayya zuwa kashi 55, wanda ya fara aiki daga ƙarshen 1984, ta kuma taƙaita irin ayyukan da suka cancanci tallafi. Duk da haka, daga 1972 zuwa 1990 an raba sama da dala biliyan 60 ta wannan hanya, abin da ya sa ake sanya shirin cikin manyan ayyukan gine-ginen farar hula da gwamnatin tarayyar ta taɓa ɗaukar nauyi. Yawancin matatun da ake neman kuɗin gyaransu a yau a wancan zamani aka gina su, kuma sun tsufa kusan tare.

Sauyin 1987

A watan Fabrairun 1987 majalisa ta sake tsallake kujerar na-ƙi, wannan karon ta Shugaba Ronald Reagan, ta zartar da Dokar Ingancin Ruwa. Aka fara janye tallafin kyauta, aka maye gurbinsa da asusun bashi mai juyawa a kowace jiha. Gwamnatin tarayya tana zuba jari duk shekara, jiha ta ƙara kashi 20 cikin 100 na abin da aka ba ta, asusun ya ba garuruwa rance mai sauƙin ruwa, abin da suka biya ya koma asusun a sake ranta wa wasu.

A cikin dokar ne aka rubuta kason kowace jiha da lamba, kuma tun lokacin ba a sake shi ba in ban da 'yan gyare-gyare ƙanana. Niyok tana karɓar kusan kashi 11 cikin 100, Kalifoniya kusan 7, alhali Kalifoniya ta kusa ninka Niyok a yawan jama'a. Ma'ana, ƙiyasin da aka ƙirƙira don rabon kuɗi ya rabu da rabon kuɗin tun 1987. Har zuwa 1992 ana yin sa duk bayan shekara biyu, daga nan aka koma duk shekara huɗu: 1996 ya ba da dala biliyan 139.5, 2000 biliyan 181.2, 2004 biliyan 202.5, 2008 biliyan 298.1, 2012 kuma biliyan 271. Waɗannan alƙaluma ba sa kwatantuwa kai tsaye, domin kowanne da darajar dalar shekararsa aka lissafa shi, kuma rukunonin da ake haɗawa cikin jimilla sun sha canzawa. Bayan na 2012, wanda sai a farkon 2016 aka fitar da rahotonsa, an yi shekara goma ba a sake ba. Dokar gine-ginen more rayuwa ta Nuwamban 2021 ta sake jaddada a riƙa yin sa aƙalla duk shekara huɗu, ta faɗaɗa shi ya ƙunshi duk aikin da ya cancanci rancen asusun, ta kuma ƙara wa asusun dala biliyan 11.7 cikin shekara biyar, da wani biliyan ɗaya na sababbin sinadarai masu gurɓata ruwa.

Yadda ake tattara bayanai

Kowace jiha tana naɗa jami'i mai kula da aikin, shi ne zai bi hukumomin ruwa na garuruwa da ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya, ya shigar da bayanansu a rumbun EPA ta intanet. Kowane aiki sai an nuna abu uku: matsalar da ake son magancewa, maganin da aka zaɓa, da kuɗinsa. Shaidar da aka fi kawowa ita ce jadawalin manyan ayyuka na gari, sai rahoton injiniya, ko takardar neman rance, ko umarnin kotu. Idan an tabbatar da matsala amma babu farashi, akan yi amfani da ma'aunin EPA a ƙiyasta. Garuruwan da jama'arsu ba ta kai 10,000 ba an sauƙaƙa musu da fom na musamman, tun da yawancinsu ba su da injiniya, wani lokacin mutum ɗaya ne yake kula da matatar, shi ne mai karanta mita, shi ne mai share bututu idan ya toshe.

A nan babban raunin ƙiyasin yake. Sunansa na shekara 20 ne, amma jadawalin ayyukan gari yawanci bai wuce shekara biyar ba, don haka sauran shekarun da ke gaba kusan wofi suke. Jihar da ta sa ma'aikata da yawa a aikin takan fito da buƙata mai yawa, wadda ta yi masa riƙon sakainar kashi ta fito kamar ba ta da matsala. A 2012 jihar Karolina ta Kudu ba ta shiga ba sam. A 2022 dukkan jihohi sun shiga.

Sakamakon 2022

Daga cikin dala biliyan 630.1, matatu da bututan ruwan ƙazanta sun ɗauki biliyan 345.7, ruwan sama biliyan 115.3, gurɓatar da ba ta da takamaiman mafita, irin takin gona da ruwa ke wankewa zuwa kogi, biliyan 94.4, sai sokawe da ƙananan na'urorin gida-gida biliyan 74.7. An ƙirga matatun gwamnati 17,544 masu yi wa mutum miliyan 270.4 hidima, kimanin kashi 82 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Kalifoniya da Niyok da Filorida ne a sahun gaba. Wani ɓangare na tashin adadin daga na 2012 ya samo asali ne daga shigar da rukunonin da a da aka bari a gefe, da kuma ƙaruwar masu kawo bayani.

Haɗaɗɗun magudanai

Rukuni guda ya cancanci bayani dabam, don ya ragu yayin da akasarin sauran ke hawa. Tsofaffin birane, musamman na arewa maso gabas da yankin Manyan Tafkuna, sun gaji magudanai tun ƙarni na 19 da farkon na 20 waɗanda bututu ɗaya ke ɗaukar ruwan bayan gida da ruwan sama tare. A ranar da babu ruwa komai lafiya, duk yana tafiya matata. Da an yi ruwa mai ƙarfi sai bututun ya cika, rarar ta bi wata ƙofa da aka tanada da gangan ta faɗa kogi ba tacewa, in ba haka ba ta dawo ta ɓullo a cikin gidajen mutane. Garuruwa wajen 700 ne ke da irin wannan tsari. EPA ta fitar da manufar magance shi a 1994, birane da yawa kuma umarnin kotu ne ya tilasta musu. Shikago ta haƙa ramuka masu zurfi a ƙarƙashin dutse, tsawonsu ya haura kilomita 170, an fara a tsakiyar shekarun 1970 aka gama a 2006, domin su riƙe ruwan har hadari ya wuce sannan a zuƙo shi a tace. Birnin Washintan ma ya bi irin wannan hanya. Buƙatar wannan rukuni ta sauka daga dala biliyan 63.6 a 2008 zuwa 48 a 2012, zuwa 36.5 a 2022.

Abin da ba ya shiga

Kuɗin gini da babban gyara kaɗai ake ƙirgawa. Albashi, wutar lantarki, sinadarai da gyaran yau da kullum ba sa ciki, alhali su ne suka fi cin kuɗin hukumomin ruwa, kuma daga aljihun masu biyan kuɗin ruwa suke fitowa. Buƙatun yankunan ƙabilun asali ma wata hukumar lafiya ce ta daban take lissafa su.

Kusan gida ɗaya cikin biyar a Amurka ba ya haɗe da kowane bututun gwamnati, sokawe yake dogara da shi, kuma babu wata hukumar ruwa da ke rubuta masa jadawali. A gundumar Lowndes ta jihar Alabama ƙasar yumɓu ce baƙa mai riƙe ruwa, sokawe na gama-gari ba ya tsotsewa, wanda zai yi aiki kuma ya fi ƙarfin talaka. Gidaje da dama sai suka ja bututun roba daga bayan gida zuwa rami ko fili a bayan ɗaki, ruwan ya taru nan a buɗe, idan damina ta yi ƙarfi ya malalo tsakar gida. A 2023 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta cim ma yarjejeniya da hukumar lafiya ta jihar kan lamarin, a 2025 aka soke ta.

Taƙaddama kan rabo

Majalisa ta nemi EPA ta duba tsarin rabon 1987, rahoton da ya fito a 2016 ya nuna kason yawancin jihohi bai dace da buƙatarsu ko yawan jama'arsu na yanzu ba. Jihohin kudu da yamma da jama'arsu ta ƙaru suna son a sake lale, waɗanda za su yi asara suna cewa ƙiyasin bai kai ingancin da za a raba kuɗi a kansa ba. An gabatar da ƙudurori, babu wanda ya zama doka.

Ƙiyasin ruwan sha

Ruwan sha yana da nasa binciken a ƙarƙashin gyaran dokar ruwan sha na 1996, ana yin sa ta hanyar ɗaukar samfurin hukumomin ruwa maimakon bin kowa da kowa. Na bakwai ya fito a 2023 da dala biliyan 625, kuma shi da sakamakonsa ake raba kuɗin asusun ruwan sha tsakanin jihohi.