Sharuɗɗan komawa aikin sojan ruwa a Amurka

Tsohon soja a Amurka ba shi da haƙƙin komawa bakin aiki don kawai ya taɓa sa kaki. Rundunar ce ke da ikon karɓarsa ko mayar da shi. Tushen wannan yana cikin sashe na 508 na kundi na 10 na dokokin tarayyar ƙasar, wanda ya hana sake ɗaukar duk wanda bai yi aikinsa na baya da gaskiya da riƙon amana ba, sai fa idan sakataren rundunar, wato babban jami'in farar hula da ke shugabantarta, ya gamsu cewa halinsa ya gyaru bayan an sallame shi.

A aikace, kusan komai ya rataya ne a kan takardar sallama da ake kira DD-214. A cikinta akwai wata 'yar lamba mai farawa da RE, kuma ita jami'in ɗaukar sojoji yake fara dubawa. Mai RE-1 ya cancanci komawa. Mai RE-3 kuwa akwai abin da ya hana shi ci gaba a wancan karon, kamar rashin lafiya ko matsalar iyali, saboda haka sai ya kawo hujjar cewa matsalar ta kau, sannan ya nemi a ɗaga masa ƙafa. RE-4 galibi rufe ƙofa ce, kodayake wanda yake ganin an zalunce shi yana iya kai kuka ga hukumar gyara bayanan sojoji, hanyar da take cin lokaci ƙwarai.

Lamba mai kyau ma ba ta wadatar ba. Dole a sake gwajin lafiya, kuma rundunar ta bambanta tsofaffin sojojinta da waɗanda suka fito daga wata runduna, kamar sojan ƙasa ko na sama, domin su baƙi ne a harkar jiragen ruwa. Abin da ya fi ba mutane takaici shi ne gurbi: idan fannin da mutum ya ƙware a kai ya cika, sai ya koyi wani, wani lokaci har da rage masa muƙami, musamman idan ya daɗe da barin aiki.

Shekarun da ya yi a baya dai ba su faɗi ƙasa ba, domin ana lissafa su wajen albashi, kuma aikin da ya yi na cikakken lokaci yana shiga cikin shekaru 20 da ake bukata kafin a samu fansho.